Wa Zai Zama Haruna Ga Yaron Da Makaranta Ta Kora?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Masu karatu, yau filin namu zai ƙetare teku zuwa ƙasar Ingila, inda 'yan'uwanmu da dama suke zaune da iyalansu, wasu fatauci ya kai su, wasu karatu, wasu kuwa aikin asibiti ko na ofishin jakadanci. Akwai wata jarrabawa da takan afka wa wasu gidaje a can, wadda ba a cika faɗinta cikin jama'a ba saboda kunya. Ita ce a kori yaro daga makaranta, kora ta har abada, alhali kuwa yaron yana da lalurar nan da likitoci suke kira otizim, wadda wasu mutanenmu suke kira galahanga, ga shi kuma bakinsa bai buɗe sosai ba, balle ya faɗi abin da ya faru. Dokokin da zan ambata na Ingila ne, amma nauyin da Shari'a ta ɗora wa uban yaron ɗaya ne, ko a Landan yake zaune ko a Fagge.

Wani likita mai suna Leo Kanner ne, a birnin Baltimore na Amurka, ya bayyana wannan lalura filla-filla a 1943, bayan ya lura da yara 11. Abin da aka sani a yau shi ne, ƙwaƙwalwar irin wannan yaro ta ginu ne a kan wani tsari dabam tun yana ciki, kuma gado yana da babban rabo a cikin al'amarin. Ba sakacin uwa ne ya jawo ba, ba kuwa allurar rigakafi ba ce. Mujallar likitocin da ta buga wancan zargi na rigakafi a 1998 ta janye shi a 2010, aka kuma soke sunan likitan da ya kawo shi daga rajistar likitocin Ingila a wannan shekarar. Wani bincike da aka buga a 2019 a kan yara sama da 650,000 a ƙasar Denmark bai sami wata alaƙa tsakanin allurar da lalurar ba. Yaran kuma ba iri ɗaya ba ne. Wani yana magana kamar kowa, wani kalmominsa ba su wuce ashirin ba, wani kuwa zai maimaita maka sura guda daga rediyo ba gyara, amma ba zai iya cewa yana jin ƙishirwa ba. Wannan na ƙarshe yakan ruɗi iyaye ƙwarai, su ce ai wanda ya iya hadda ba magana ce ta gagare shi ba, taurin kai ne kawai. Alhali maimaita abin da kunne ya ji dabam, haɗa zance don biyan bukata dabam.

To, yanzu a dubi irin wannan yaro a cikin aji mai ɗauke da yara 30. Ƙararrawa ta buga, fitila tana walƙiya, kujeru suna ƙara, malama ta ba da umarni uku a cikin numfashi ɗaya. Abin da sauran yara suke ji a matsayin 'yar hayaniya, shi yana jinsa ne kamar an kafa masa lasifikar masu wa'azin kasuwa a dodon kunne. Ba shi da bakin da zai ce a bar shi ya fita, saboda haka sai ya toshe kunne, ko ya shige ƙarƙashin tebur. Aka jawo shi, sai ya yi cizo ko ya kai duka. A littafin makaranta za a rubuta cizon, ba za a rubuta ƙararrawar ba. Ƙididdigar Ma'aikatar Ilimi ta Ingila ta nuna an kori yara sama da 9,000 kora ta dindindin a shekarar karatu ta 2022/23, adadin kuma ya kusa 11,000 a 2023/24. Dalilin da aka fi rubutawa shi ne yawan hana aji zama lafiya, kuma yara masu bukata ta musamman sun fi sauran yara faɗawa cikin wannan hukunci nesa ba kusa ba.

Ba na cewa malamar da aka ciza ba ta da hakki. Tana da shi, haka ma sauran yaran ajin, kuma malamanmu na fiƙihu sun ce yaro idan ya ɓata dukiyar wani ana biya, ko da yake ba a rubuta masa zunubi. Uba mai mutunci zai ba malamar haƙuri. Amma ba da haƙuri bai zama yarda da cewa ɗanka mugu ne ba.

A nan ne ƙissar Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, take faɗo mini a rai. A cikin Suratu Ɗaha, sa'ad da Allah ya aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Ubangijinsa ya kwance masa ƙullin da yake a harshensa domin a fahimci maganarsa, ya kuma roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna. A Suratul Ƙasas ya bayyana dalili, watau Haruna ya fi shi fasahar harshe. A Suratuz Zukhruf kuwa mun ga wanda ya yi masa gori da rashin bayyana zance, ba kowa ba ne sai Fir'auna. Kada wani ya ɗauka ina jingina wannan lalura ga Annabin Allah, Allah ya tsare mu. Abin lura kawai shi ne, nauyin harshe bai rage wa mutum daraja a wurin Allah ba, wanda harshensa ya yi nauyi kuwa yana da bukatar mai tsaya masa a gaban masu iko. Yaron da aka kora ba shi da wani Haruna sai iyayensa. Tsayawar kuwa ba da ɗaga murya ake yinta ba, da sanin ƙa'ida ake yinta, da kiyaye kwanaki.

Ga yadda ƙa'idar take a Ingila. Hedimasta kaɗai yake da ikon kora, kuma wajibi ne ya sanar da iyaye a rubuce tare da dalili. A cikin kwana biyar na farko na makaranta, nauyi ne a kan iyaye su tabbata ba a ga yaron a wajen taron jama'a a lokacin karatu ba, sai da uzuri karɓaɓɓe, in ba haka ba ana iya cin su tara. Ɗan kasuwar da zai ce bari ya tafi da shi shago ya zauna, sai ya lura da wannan. Daga rana ta shida, ƙaramar hukumar da yaron yake zaune a cikinta ce doka ta ɗora wa samar masa da cikakken karatun da ya dace da shi. Kwamitin masu kula da makarantar dole ya zauna cikin kwana 15 na makaranta ya duba hukuncin hedimasta, iyaye kuma suna da ikon halarta, su zo da wanda zai taya su magana. Idan kwamitin ya tabbatar da korar, iyaye suna da wasu kwana 15 na makaranta su nemi wani kwamiti mai zaman kansa ya sake dubawa, su kuma nemi a kawo masani kan bukatu na musamman ya zauna a wurin, ko da makarantar ba ta taɓa yarda cewa yaron yana da wata lalura ba. Wannan kwamiti na biyu ba shi da ikon mayar da yaro aji da kansa, amma yana iya soke hukuncin ya umarci na farko ya sake zama. Wanda ya bar kwana 15 ɗin suka wuce yana jiran hucewar zuciya, ƙofar ta rufe masa.

Akwai kuma dokar daidaito ta 2010, wadda ta hana a nuna wa mai lalura bambanci, ta kuma wajabta wa makaranta ta yi masa gyare-gyaren da hankali zai ɗauka, kamar a ware masa wurin hutawa idan hayaniya ta yi yawa. Mai ƙara a ƙarƙashinta yana da wata shida ya kai kuka kotun musamman. Shekaru da dama makarantu suna fakewa da wani sashe na ƙa'idojin dokar, wanda ya ce mai halin kai duka ba ya cikin waɗanda aka kare ta wannan fuska. A watan Agusta 2018 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta wannan fanni ta toshe kafar, a shari'ar wani yaro mai otizim da aka dakatar na kwana ɗaya da rabi yana ɗan shekara 11, saboda ya doki wata mataimakiyar malama. Mai shari'ar ta nuna cewa irin wannan duka alamar lalurar ce, ba zaɓin yaron ba. Hukuncin bai hana kora ba, amma ya tilasta wa makaranta ta nuna abin da ta yi don taimakon yaron kafin ta kai ga kora. Saboda haka tambayar da uba zai riƙe a gaban kwamiti ita ce: da kuka ga yaron nan ba ya iya faɗin damuwarsa, me kuka tanadar masa? Ya tafi da kowace takarda da makaranta ta taɓa aiko masa, da ta likita, a jere bisa kwanan wata. Ma'aikatan gwamnati da suke karanta wannan fili sun san ƙarfin fayil.

Wani tarko kuma da ya kamata a sani. Wani lokaci akan ja uba gefe a ce masa, maimakon a ɓata wa yaro suna da kora, ya rubuta cewa shi ne ya janye ɗansa zai koyar da shi a gida. Bahaushe da kunya da gudun abin faɗa, sai ya sa hannu yana godiya. Da ya sa hannun nan kuwa, ya ɗauke nauyin daga kan hukuma ya ɗora wa kansa, har da kuɗin da za a kashe, kuma babu sauran hukuncin da zai ɗaukaka ƙara a kansa. Abin da ya fi masa shi ne ya rubuta wa ƙaramar hukuma ya nemi a auna bukatun yaron, domin a ba shi takardar nan ta dokar 2014 da suke kira EHCP, wadda take ɗaure hukuma da samar da abin da aka rubuta a ciki, har da zaman koyon magana wurin ƙwararre. Dokar ta ba hukuma mako 6 ta amsa ko za ta auna, da mako 20 ta kammala, ko da yake jinkiri ya yi yawa, sai an bi sawu. Kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin ba iyaye shawara kyauta a kan wannan, ga kuma ƙungiyar National Autistic Society da aka kafa tun 1962.

Wannan duk tsayawa ce a gaban hukuma. Aikin cikin gida ya fi shi tsawo, domin Haruna ba zai yi magana da yawun wanda bai fahimta ba. Yaron da aka kora ya san an kore shi, ko bai faɗa ba. Yakan tashi da safe ya ɗauki jakarsa ya tsaya a bakin ƙofa, domin irin waɗannan yara rayuwarsu a kan sabo take, rushewar sabon kuwa tana gigita su. Abu na farko shi ne a gina masa wani tsarin yini da ba ya sauyawa, a kuma nuna masa shi da hotuna a jikin bango: tashi, wanka, karin kumallo, karatu kaɗan, fita, komowa. Gidan Musulmi yana da sa'a a nan, domin salloli biyar sun riga sun yanka yini gida-gida, sallar kanta kuma jeri ce da ba ta sauyawa, ana koyonta da ido kafin baki. A tsayar da shi kusa da uba ya kwaikwayi abin da ya iya. Hukuncin wajabci yana bin gwargwadon hankali da iko, kuma da yawa daga cikin masu wannan lalura hankalinsu cikakke ne, don haka kiransu mahaukata kuskure ne a likitance, zalunci ne kuma a Shari'a.

Wajen magana da shi, sunna ta riga ta nuna hanya. Anas ɗan Malik ya ba da labari cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yakan maimaita kalma sau uku domin a fahimce ta, Nana A'isha kuma ta ce ba ya jero zance da gaggawa, har mai son ƙirga kalmominsa zai iya. Masu koyar da magana a yau abin da suke gaya wa iyaye ke nan: a taƙaita zance, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, sa'an nan a yi shiru a jira. Jiran nan shi ne mai wuya. Yaron yakan bukaci daƙiƙoƙi kafin zancen ya sauka, mu kuwa kafin nan mun sake faɗa da wasu kalmomin, mun ƙara da tsawa, sai ya koma farko. A kuma kai shi a auna jinsa, domin toshewar kunne takan ɓuya a bayan wannan lalura.

Wasu iyaye suna ƙin a koya wa ɗansu nuni da hannu, irin tsarin Makaton da aka ƙirƙiro a Ingila cikin shekarun 1970, ko katunan hoto, ko na'ura mai furta kalma idan an taɓa ta. Tsoronsu shi ne wai zai dogara da su ya ƙi magana. Binciken masana bai nuna haka ba, ya nuna waɗannan hanyoyi ba sa hana buɗewar baki, wani lokaci ma suna taimaka mata. Ta fuskar addini kuwa babu abin ƙyama. Annabi Zakariyya ya yi kwana uku ba ya magana da mutane sai da nuni, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana. Malaman fiƙihu kuma sun karɓi ishara mai fahimtuwa daga wanda ba ya magana a cikin ciniki da aure da saki. Abin da alƙali ya karɓa a ɗaurin aure, ba uba ne zai raina shi a neman ruwan sha ba. Ranar da yaro ya sami katin da zai ɗaga ya ce a fitar da shi, sau da yawa ranar cizo yake fara raguwa. Haka nan kada a yarda da shawarar cewa a daina yi masa Hausa a gida wai harshe biyu zai rikita shi. Binciken da aka yi bai nuna harshe biyu yana ƙara wa irin waɗannan yara jinkiri ba, yanke masa Hausa kuwa yanke shi ne daga kakarsa da danginsa, shi da dama abokan zancensa ba yawa.

Sai maganar da dangi sukan kawo ta waya daga gida, cewa iska ce, ko sammu, a turo shi a yi masa magani. Addu'a da karatun Alƙur'ani a kan yaro alheri ne, babu Musulmin da zai hana. Amma duka da ɗauri da turaren da zai shaƙe shi da sunan fitar da aljani, wannan cuta ce, a Ingila kuma laifi ne da zai iya raba iyaye da ɗansu. Wanda yake tunanin turo yaro gida don a gyara masa tarbiyya, ya tuna da watan Satumba 2019, lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane wajen 300, da yawansu yara da samari, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Idan masu baki sun sha wannan, ina ga wanda ba zai iya faɗin abin da aka yi masa ba? Masu tallan maganin warkewa kuwa, na can da na nan, kuɗi suke nema. Lalurar ba ta da maganin da yake kawar da ita, amma koyarwa da haƙuri suna kai yaro nesa.

Ya rage mu, jama'ar masallaci. Abin takaici ne a ce makarantar boko ta kori yaro da takarda, sa'an nan Islamiyya ta kore shi ba takarda, da harara da cewa uwarsa ta riƙa barinsa a gida. Suratu Abasa ta sauka ne saboda makaho guda, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman sani alhali ana ganawa da manyan Ƙuraishawa. Imam Muslim kuma ya ruwaito labarin wata mata mai ɗan rauni a hankalinta, da ta ce tana da bukata wurin Annabi, ya bar ta ta zaɓi hanyar da take so ya tsaya da ita, har ta gama faɗin bukatarta. Malamin Islamiyya da zai ware wa yaron nan minti 15 kafin sauran yara su taru, ya rage ƙarar lasifika, ya ajiye bulala, bai yi asarar komai ba. Maƙwabciyar da za ta karɓi yaron na awa biyu uwarsa ta runtsa, ta yi abin da dogon jaje ba zai yi ba, domin a mafi yawan gidaje uwar ce take barin aikinta ta zauna da shi dare da rana, ita ce kuma ake zargi.

Iyaye maza kuwa su sani, a mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, ciyar da ɗa namiji yana sauka daga wuyan uba ne idan ya balaga ba shi da naƙasar da za ta hana shi nema. Wanda ya balaga da ita, nauyinsa yana nan a kan uba. Saboda haka mai irin wannan ɗa ya fara tunanin tanadi tun yanzu, da wanda zai bar wa amanarsa.

A nan gida Nijeriya ba a cika rubuta takardar kora ba, mai makaranta yakan ce ne kawai kada a dawo da shi zango mai zuwa. Akwai dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, kuma a cikin masu karanta wannan fili akwai masu makarantu da jami'an ma'aikatun ilimi. Abin da dokar ta ɗora musu, da abin da Shari'a ta ɗora musu tun kafin dokar, shi za mu duba a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.